Ƙasar da Gwaggo Ta Hana A Taka

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Juma'a da hantsi, ta bar kwaɓin burodi yana tashi a cikin kwano. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ita dai ta koma da fulawa a ƙarƙashin farcenta, sai da masu wanka suka sa tsinke suka fitar.

Ta yi sallar asuba, ta kwaɓa da hannunta kamar yadda ta saba kowace Juma'a, ta rufe kwanon da tsohon zanenta, ta ce wa matata ta hura tanderu, ita za ta ɗan kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan. Kafin mu gama kiran 'yan uwa na unguwannin Nima da Kotobabi a nan Ankara, kwaɓin ya cika kwano har ya ɗaga zane. Matata ta tsaya a kansa tana kuka, tana tambayata yadda za ta yi da shi. Baffa, ƙanin Gwaggo, wanda shi ne babban da ya rage mana, ya share ido da hannun riga ya ce, "Gasa shi, 'yar nan. In kika bari ya yi tsami, ko a makara take sai ta tashi ta yi miki faɗa." Aka yi dariya cikin hawaye, aka gasa.

Wannan burodin muka gutsuttsura wa masu gaisuwa bayan mun dawo daga maƙabarta. Na san Gwaggo na da mutane, amma ban san lungunmu na Maamobi zai cika har masu babur su riƙa juyawa daga bakin titi ba. Matar da ke sayar mata da fulawa ta rufe shagonta a kasuwar Makola ta zo da ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayan ya ɓace a cunkoso. Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ga, mai dokunu, wato tuwon da ake naɗewa a ganyen masara, wadda ba Musulma ba ce amma ta fi wasunmu sanin lokutan salla saboda zama da Gwaggo, ta riƙe hannuna biyu tana jijjigawa.

"Kpoo, Masta, kpoo," in ji ta, tana yi mini sannu da yarensu. "Hajiya ya tafi oo. Shi ne ya koya min ganyen masara ba shara ba ne. Yanzu wa zan kawo ma?"

Akwai kuma wani tsoho ɗan Nijar, mai albasa tun kasuwar albasa tana Agbogbloshie. Da aka miƙa masa nasa gutsuren, bai kai baki ba. Ya buɗe shi da yatsa biyu, ya ɗaga wajen haske, ya daɗe yana leƙa cikinsa. Sannan ya ce, "Shekara talatin ina tara wa baiwar Allah nan ɓawon albasa a buhu. Ban taɓa tambayarta me take yi da shi ba, nauyinta nake ji. Ku duba cikin abin nan. Mutumin da zai mutu yau ne ya yi wannan?" Ya naɗe gutsuren a hankici ya sa a aljihu.

Na lura ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya daɗe da sanin Gwaggo, sai ya leƙa cikin burodin kafin ya ci. Ta koya wa unguwa guda wannan ɗabi'a ba tare da sun sani ba.

Sai da na shiga cikin gida neman ruwan alwalar la'asar na ga abin da ake yi a can. Mata sun kafa murhu uku na dafa abincin baƙi, manyan tukwane a kan duwatsu, wuta na ci. A kan ƙasar Gwaggo suka kafa su, ɗan filin da take shuka ganyen miya. Mata kusan ashirin suna tsaye a kai, suna kai da kawo, ruwan wanke shinkafa na kwarara ƙarƙashin ƙafafunsu. An tuge alayyafo da ayoyo an zuba a miya, wai ai ladan na mai shuka ne. Katakon da take takawa an ɗora shi a kan bulo biyu ya zama benci.

Ba mugunta suka yi ba. Duk tsakar gidanmu siminti ne, kuma kowa ya san in ka hura wuta a kan siminti fashewa yake yi. Nan ne kaɗai ƙasa ta rage. Ni kuwa na zuba simintin nan da hannuna.

Na tsaya da buta a hannu. Wa zai kori mai ta'aziyya? Mutane sun bar sana'arsu sun zo yi wa uwarka addu'a, ka ce su ɗaga ƙafa saboda ganye? Na yi alwala na fita. Haka aka yi ranar uku, haka aka yi ranar bakwai, haka aka yi ranar arba'in.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne abin damuwa a nan. Bari in faɗa.

Ni birkila ne. Idona ma'auni ne, ko ban ɗauko tef ba. Filin nan ƙafa goma sha biyu ne da ƙafa goma, wato ɗaki ɗaya cif. A Maamobi, inda mutum ke raba ɗaki da labule ya kira shi ɗaki biyu, barin fili irin wannan wa ganyen miya mutane da yawa hauka suke ɗaukarsa. Na daɗe ina shugabancin masu wannan ra'ayi.

Lokacin da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gidan mahaifinta, wurin jar ƙasa ce mai tauri inda ake zubar da ruwan wanki. Allah bai bar mata 'ya'yan da ta haifa ba, sai ta riƙe mu, ta gina tanderu na laka a kusurwar gida ta kama gasa burodi. Tun daga nan ta fara ciyar da wannan wuri. Tokar tanderu, ɓawon albasa, ganyen masarar dokunu, kashin awakin Baffa, ɓawon ƙwai, burodin da ya ƙone. Ba ta haƙa ta juya kamar yadda manoma ke yi. Ta shimfiɗa a sama, ta rufe da ganye, ta tafi. Shekara arba'in da 'yan kai tana wannan. Ta ɗora katako ɗaya a tsakiya, kuma doka ɗaya ce: ƙafa a kan katako. Liman ma da ya zo roƙon ganyen zogale, a kan katako ya tsaya, babbar rigarsa a tattare.

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini, ko da kuwa zagina za ta yi. "Babana, kai dai siminti ya shiga kanka ya daskare."

Burodin farko da ya fito daga tanderu ba a sayar da shi, kuma wuƙa ba ta taɓa shi. Ta bar shi ya huce, ta raba shi biyu da hannu, ta kai kusa da ido. "Ɓawo riga ce," in ji ta, "kowa na iya sa riga. Buɗe ciki mu gani." Ƙananan ramukan da ke cikin burodi ɗakuna take kiransu. In ta ga rami ɗaya ƙato, sai ta ce zaure ne ba kowa, mai kwaɓi ya yi gaggawa. In ta ga ciki ya cushe ba rami ko ɗaya, ta ce kurkuku ne. "Burodin kirki gidan haya ne irin na Nima. Ɗakuna ƙanana, masu yawa, bango siriri, kowa na jin numfashin maƙwabcinsa." Daga nan ta danna da babban yatsa. In wurin ya taso ya koma yadda yake, sai ta gyaɗa kai ta ce a fitar da saura.

Mai injin murza kwaɓi na bakin titi ya sha wuya a hannunta. Sauran masu burodi aika kwaɓi suke yi su zauna gida. Ita sai ta bi nata ta tsaya a kan mutumin tana ƙirga sau nawa ya wuce tsakanin ƙarafa. Da ta ga ya yi santsi sai ta daka tsawa, "Ya isa! Ba ɓarawo ka kama ba!" Ranar ta'aziyya yana zaune a ƙarshen benci, ƙaton mutum, yana kuka kamar an yi masa duka.

Da na auro matata, ta so ta nuna ita ma 'yar gida ce. Ta kwaɓa nata ita kaɗai, ba ta tambayi kowa ba, ta gasa. Abin da ya fito, da za ka jefi kare da shi sai an kai ka wurin sarkin Zango. Matan gida suka samu abin yi. "Matar birkila ya gasa bulo!" Har yara suka ɗauka. Matata ta shige ɗaki. Gwaggo ta sa aka kawo mata shayi, ta zauna a tsakiyar gida inda kowa ke gani, ta jiƙa bulon nan ta ci rabinsa, da haƙoranta da ba su cika ba. Ta ɗauki sauran ta kira amarya, suka hau katako tare, ta farfasa shi ta tura ƙarƙashin ganye.

"Babu burodin da ya lalace, 'yata," ta ce mata. "Wanda baki ya ƙi, ƙasa na so. Gobe ki zo tun kafin ki zuba ruwa."

Yau matata ce ke ciyar da rabin lungun nan da burodi, a tanderun ƙarfe mai gas da muka saya da ƙarfin Gwaggo ya ragu. Na laka kuwa sai Juma'a ake hura shi, don kwaɓin tsohuwa na hannu.

Rigimata da ita ta faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na gaji da caɓi. Duk damina tsakar gida ya zama kamar wurin kwaɓa laka, yara na zamewa, tabarmi na lalacewa, ga ni birkila ana yi mini gori a gari. Na tara siminti da yashi da tsakuwa, na kira abokan aikina, muka fara zubawa daga ƙofar gida. Niyyata in shafe ko'ina, har filinta. Ban faɗa mata ba, don na san amsar.

Da muka iso wurin, muka tarar ta ɗora kujerarta 'yar tsugune a kan katako, ta zauna da carbi. Ba ta dube mu ba. Kankare na cikin baro yana shan iska, rana na dukansa, ma'aikata na kallona.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki tashi, kayan nan zai daskare."

Ta ce, "To ya daskare."

Na ce, "Nan Ankara ce fa, ba ƙauye ba. Ganyen nan ko'ina ana sayarwa."

Ta ja carbi uku kafin ta amsa. "Ni a Ankara aka haife ni, Babana, kafin a san za a yi ka. Zuba a kaina in kana so."

Abin da na faɗa bayan wannan ba zan rubuta shi ba. Na nemi gafararta tana raye, ta yafe, amma har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Don haushi na ɗauki bulo na kewaye filin da layi ɗaya, na raba shi da simintina, wai kada ƙazantarta ta ɓata mini aiki. Mako biyu ba na gaishe ta sai da baki ciki-ciki. Ita kuwa kullum da safe sai na tarar da burodi mai ɗumi a ƙofar ɗakina.

Sai ruwan watan Yuni ya zo. Bayan azahar ya fara, kamar da bakin ƙwarya. Babbar kwatar Nima ta cika ta tumbatsa, lungunmu ya zama rafi. Ni na karkata simintina wajen ƙofa don ruwa ya fita, to lungun ma a cike yake, ina zai je? Ya tsaya a tsakar gida, ya wuce idon sawu, ya fara leƙa ɗakuna. Mata na ɗaga katifu, ƙanena na kwasa da bokiti yana watsawa inda zai dawo. Da ruwan sama ya tsagaita, na ji muryarta.

"Babana. Ɗauko guduma ka cire mini bulo ɗaya a nan."

Na cire, don ba ni da wata dabara. Ruwan tsakar gida ya juya ya nufi filinta. Na ce a raina yanzu zai cika ya dawo. Bai dawo ba. Ya shiga ƙarƙashin ganyen nan yana sauka, yana sauka, ƙananan kumfa na tasowa.

"Hau katako," in ji ta. "Sunkuya. Ka ji?"

Na sunkuya. Wallahi na ji. Wani ɗan sauti ne siriri, ko'ina a lokaci ɗaya, kamar mutane da yawa na kurɓar shayi a ɗaki na nesa. Shekara ashirin ina aikin ƙasa da yashi, ban taɓa sanin ƙasa na shan ruwa da sauti ba. Kafin magariba simintina ya fito fili, jiƙaƙƙe, yana ƙyalli kamar bai yi laifin komai ba.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Bayan kwana biyu, da wurin ya tsane, ta kira ni. Ta raba burodi ta ɗora mini a tafin dama. Ta zura hannu ƙarƙashin ganye ta ɗebo ƙasa ta ɗora mini a tafin hagu. Baƙa ce, mai sanyi, ƙananan curi-curi kamar wasawasa da aka turara da kyau. Na dunƙula, ta riƙe. Na taɓa da yatsa, ta warware ta koma curinta. Na kai kusa da ido kamar yadda take yi. Ramuka ne a ciki, ƙanana, ba iyaka, da saiwoyi sirara da wani farin zare-zare da ya ɗinke su. Na dubi dama, na dubi hagu. Gini iri ɗaya ne.

"Ruwa baƙo ne," ta ce. "In ya zo ya tarar da ɗaki, sai ya shiga ya zauna, ya shayar da saiwa a hankali. In ya tarar an rufe ƙofa, sai ya shiga naka ɗakin."

Na ce, "To wa ya gina ɗakunan?"

"A burodi yis ne. A nan kuwa tana ce da saiwa da wasu bayin Allah da ido ba ya gani. Ni abinci kawai nake kai wa ma'aikata, in kauce musu. Shi ya sa ba a takawa, balle in ta jiƙe. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar kwaɓin da ya tashi ce. Ka danna ta sau ɗaya, ka rushe wa dubu gida."

Ranar nan na gane sana'ata da tata kishiyoyin juna ne. Mu in mun zuba kankare a ginshiƙi, sai mu yi ta soka rodi muna bubbuga katako har iskar ciki ta fito kaf, don rami a jikin ginshiƙi abin kunya ne ga birkila. Rayuwata duka korar iska nake yi. Ita kuwa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, rayuwarta duka ajiye iska take yi, a wuta da safe, a ƙasa da yamma. Na tsaya da hannu biyu cike, ina jin kaina ƙarami ƙwarai a gaban wannan tsohuwa.

Bayan shekara uku tanderun ya tsage daga sama har ƙasa. Ni na rushe shi na sake gina mata, da laka da fasassun kwalabe da gishiri a ƙasansa kamar yadda ta umarta. Kwana shida na gama. Na tsaya ina jiran yabo. Ta zagaya shi, ta shafa, ta ce ya yi kyau paa, Allah Ya yi albarka. Sannan ta nuna filin da haɓa.

"Tanderu kwana shida. To gina mini wancan a kwana shida in gani."

A shekarunta na ƙarshe ba ta iya sunkuyawa. Sai ta zauna a kujera ta ce in ɗebo mata. In kawo a tafin hannu, ta murza, ta shinshina, ta ce a ƙara toka ko a rage ruwa. Na sha jiran ta ce, in na tafi ka kula da wurin nan. Ba ta taɓa faɗa ba. Da ta bar wasiyya da abin ya zo mini da sauƙi, sai in ce wa kowa ga abin da mamaciya ta ce.

Kashegarin addu'ar arba'in Baffa ya tara mu a tsakar gida. An kwashe kanofi da kujeru. Filin Gwaggo na nan a gabanmu, ba ganye ko ɗaya, ya daddaɓe ya yi sulɓi, ga baƙin tabo uku inda aka yi murhu. Ƙanena ne ya fara magana. Shi da matarsa da 'ya'ya huɗu ɗaki ɗaya suke kwana.

"Yaya, ka duba da idonka," ya ce mini. "Wurin ya mutu koraa. Yarinyana ya girma, shekara sha uku, har yanzu yana canja kaya a bayan labule. Da Gwaggo yana nan ban yi magana ba. Yanzu fa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙarya ne. Baffa ya dube ni ya ce, "Mai rai ya fi ganye. Kai ne birkila. Gina wa ɗan uwanka ɗaki."

Na ce to. Ni ma na ɗauka ƙasar ta mutu. Na taka wurin da takalmina, karo na farko a rayuwata, na ji shi ƙarƙashina kamar daɓe. Na ce a raina, mun kashe ta da addu'a.

Ranar Asabar da safe na ja igiya, na kafa turaku, na ɗauki diga don haƙa harsashi. Sara na farko, digar ta yi tsalle. Na biyu, ɓawon ya tsage. Na uku, digar ta nutse har wuya, na kusa kifawa. Na durƙusa na ɗaga ɓawon da hannu. Kaurinsa bai wuce yatsa huɗu ba.

Ƙamshin ne ya fara dukana, ƙamshin da ke hannunta kullum da yamma. A ƙarƙashi baƙa ce, mai sanyi, curi-curi. Wata tana ta ja jiki ta shige raminta. Na zura hannu har gwiwar hannu ban taɓa jar ƙasa ba. Na ɗebo, na raba biyu, na kai kusa da ido. Ɗakunan na nan. Ƙafar mutum ɗari-ɗari ta bi ta kansu, wuta uku ta ci a samansu, suna nan ƙasa suna jiran a buɗe musu ƙofa. Har guntun ɓawon albasa na gani da bai gama narkewa ba.

Na zauna daɓas a kan simintina na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ƙanena ya fito ya same ni haka. Ya dubi hannuna, ya dubi ramin, fuskarsa ta canja, don ya san abin da ke tafe. Ya ce, "Yaya, kar ka min haka."

Na ce, "Za ka samu ɗakinka."

Na tashi na tuge turakun, na naɗe igiyar, na nufi kusurwar gida. Tanderun laka da rumfarsa da wurin ajiye itace, na auna su da ido tun ina tafiya: ƙafa goma sha ɗaya da goma. Ƙafa ɗaya ta rage. Na ajiye diga na ɗauki babbar guduma.

Matata ta fito da gudu ta riƙe mini riga. "Tanderun Gwaggo? Da shi aka san gidan nan! Ko wata biyu ba ta yi ba!"

Na ce mata, "Wannan ni na gina shi. Kwana shida."

Ta sake ni. Ta daɗe tana kallon filin, sannan ta shiga ta kwashe faranti da dogon katakon fitar da burodi, ta tsaya gefe ta rufe fuska da mayafi. Na ɗaga gudumar. Cikinsa na da sauran tokar Juma'ar ƙarshe. Ita na fara kwashewa a bokiti kafin in sara.

Unguwa ta yi magana, kuma ban ga laifinta ba. An ce birkila ya rushe tanderun uwarsa kabarinta bai bushe ba. An ce dama tun tana raye yake jira. Baffa ya yi mako guda yana amsa gaisuwata da hanci. Maƙwabciyarmu 'yar Ga in ta hango ni sai ta juya wa lungu baya. Ban yi wa kowa bayani ba, don ban san yadda zan faɗa ba. Na gina ɗakin a wurin tanderun, na yi masa taga biyu, 'yar ƙanena ta shiga da ƙannenta mata. Na farfasa ɓawon filin da cokalin lambu a hankali, ban juya ƙasar ba, na barbaɗa tokar nan, na mayar da katako wurinsa.

Wata safiya na fito na tarar da kwando cike da ganyen masara a bakin filin. Mai dokunu na tsaye, hannu a ƙugu, ba ta dube ni ba. "Ka shimfiɗa a sama," ta ce. "Kar ka haƙa. Hajiya ba ya haƙa." Bayan kwana uku tsohon nan mai albasa ya iso da buhun ɓawon albasa a kafaɗa. Ya ajiye, ya cire takalmi, ya hau katako ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe nan yake zuwa."

Jiya aka yi ruwan farko. Na fita na tsaya a kan katako, ga ni da furfura, na sunkuya kamar yadda ta sa ni. Ƙasar tana sha. Sautin bai kai na da ba, amma tana sha.

Malamai sun gaya mana kabari na matse mai shigarsa, kuma ba wanda ya san yadda tasa za ta kasance. Tun ranar da muka zuba wa Gwaggo jar ƙasar maƙabarta, mai tauri, wadda ba wanda ya taɓa ciyar da ita, wannan magana ke damuna. Ni ba malami ba ne, addu'ata gajera ce, kuma ita nake yi bayan kowace salla. Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo. Shekara arba'in tana tafiya a kan katako ɗaya don kada ta danne ƙasarKa. Ka umarci ƙasa kada ta danne ta.